Kulob ko ƙasa: wai shin waye mai ɗan wasan?

MaiGidanKallo_ƘofarKaura: Salamu alaikum jama'ar gida. Ni yau da ƙorafi na zo, kuma don Allah a ba ni amsa tsakani da Allah. Wannan hutun da FIFA ke bayarwa don wasannin ƙasashe, sati biyu cur ba Firimiya ba Laliga, mi ye amfaninshi? Jiya Asabar tun la'asar na buɗe gida, na zuba fetur na tada janareta, mutum bakwai suka shigo, cikin bakwan ma biyu cajin waya suka zo yi, ɗaya kuma barci ya kwasa bisa benci sai da na tada shi za ni rufe. Asabar ɗin da na saba sai na aro benci wurin mai shayi. Kuɗin dish kau na wata guda na biya ba a rage mani ko sisi ba. To bar tawa asarar ma. Kulob ya sayi yaro da maƙudan kuɗi, shi ke biyanshi albashi duk sati, shi ke da likita, sai ƙasa ta buga waya ta ɗauke shi ta maido shi yana ɗingishi. Kamar ka ba maƙwabci aron babur ne ya maido maka shi a bayan a-kori-kura, ko sannu babu. Ku gaya mani, waye mai ɗan wasan nan?

AbbaGunners: Wallahi Oga ka sosa mani inda ke mani ƙaiƙayi. Satumbar 2024 Odegaard ya tafi Norway lafiya lau, wasansu da Austria aka taka mashi idon sawu, kusan wata biyu ba mu gan shi ba. Daga nan kakarmu ta fara tangal-tangal. Ni in an ce hutun ƙasashe gabana faɗuwa yake, addu'a kawai nake kowa ya dawo da ƙafarshi.

Hajjo_Barsa: 'Yan Arsenal ba ku rasa abin fakewa 😂 ko ba a taɓa Odegaard ba na biyun dai za ku yi. In ana maganar wanda aka cuta ku yi shiru. Gavi fa? Nuwambar 2023 wasan Sifaniya da Georgia, alhali Sifaniya ta riga ta samu gurbin gasar Turai, aka sa yaron jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya fita yana kuka. Kusan shekara guda yana jinya, gasar Turan da aka yi wahalar dominta ma bai buga ba. Ga Yamal kuma a Satumbar 2025, kocinmu Flick da kansa ya fito ya ce a tawagar Sifaniya an ba yaron maganin kashe ciwo an sa shi wasa.

AbbaGunners: Hajiya ina ruwan biri da gada, ni da mai gidan kallo nake magana.

Kawu_Rafindadi: Ku yara kuna ba ni mamaki. Yanzu har an zo lokacin da za a zauna a Katsina ana tambayar ko kamfanin wani Bature ya fi ƙasar haihuwa haƙƙi a kan ɗanta? A 1980 ina saurayi, rediyo muka kewaye a ƙofar gida ranar da Green Eagles suka ci Aljeriya 3-0 a Legas, Odegbami ya ci biyu Muda Lawal ɗaya, batir ya yi sanyi sai da aka ciro na tocila aka sa. Daren nan ba wanda ya tambayi wane kulob wane ke bugawa. Shagari ya ba su gida da mota kowannensu. Kulob ubangida ne, yau yana sonka gobe ya sayar da kai. Ƙasa kuwa uwa ce, ba a canza ta a kasuwar Janairu.

ƊanLayout_MU: Kawu Allah ya ƙara girma, amma ana canza ta fa yanzu 😅 Lookman sai da ya ci wa Ingila kofin duniya na 'yan ƙasa da 20 a 2017 kafin ya dawo Najeriya.

Kawu_Rafindadi: Ai gida ya dawo ɗana. Wanda ya dawo gida bai ɓata ba.

Malam_Lissafi: Bari in ɗan gyara wani wuri a maganar mai gidan kallo, inda ya ce ko sannu babu. Akwai sannun, sai dai ba ƙasar ke yin ta ba. Dokar FIFA ta ce duk ranakun da ke cikin kalandarta dole kulob ya saki ɗan wasa in ƙasarsa ta kira shi, kuma kulob ɗin ne zai ci gaba da biyan albashi. Da can in ya ji rauni shi ke nan asarar kulob ce, shi ya sa Newcastle ta yi ta rigima a kan Michael Owen da gwiwarsa ta lalace a kofin duniya na 2006. Yanzu FIFA na da wani tsarin inshora: in ɗan wasa ya ji ciwo a wasan ƙasa ya wuce kwana 28 yana jinya, za ta riƙa biyan kulob kuɗin albashinsa har tsawon shekara, iyakar abin da za ta biya Yuro miliyan 7 da rabi. Ban da wannan, a kofin duniya na Qatar dala miliyan 209 aka raba wa kulob-kulob ɗin da suka ba da 'yan wasa. Don haka babur ɗin nan naka Oga akwai mai biyan kuɗin bakanike.

MaiGidanKallo_ƘofarKaura: Malam na ji. To an biya bakanike, kwanakin da babur ya yi a gareji ban yi aiki da shi ba fa? Inshora na cin ƙwallo ran Asabar?

Hajjo_Barsa: Gaya musu dai.

Bature_Daura: Ni inda abin ke ƙona min rai ba wannan hutun na sati biyu ba ne, kofin Afirka ne. Duk lokacin da ya ƙarato sai ka ji Turawa sun fara gunaguni kamar an zo karɓar bashi. Ku tuna na Kamaru da aka buga Janairun 2022, Watford ta hana mu Emmanuel Dennis wai takardar gayyata ba ta iso da wuri ba, a lokacin kuma yaron yana kan ganiyarsa. Ighalo ma kulob ɗinsa na Saudiyya bai sake shi ba. Sai ga mai Napoli, De Laurentiis, a 2022 ya fito ƙarara ya ce ba zai ƙara sayen ɗan Afirka ba sai in ya sa hannu ba zai je kofin Afirka ba. Mutumin da Osimhen da Anguissa ke cikin ƙungiyarsa a lokacin! Kuma a kakar 2022/23 ɗin Osimhen ya ɗauko masa kofin lig da rabon su da shi tun 1990. An ci moriyar ganga za a ya da kwaurenta. Wa ya taɓa jin an ce ɗan Faransa ya sa hannu ba zai je gasar Turai ba?

ƊanLayout_MU: Yaya Bature gasar Turai a watan shida da na bakwai ake yi, lokacin an rufe lig, wa zai yi ƙorafi? Mu ne muka kafa namu a tsakiyar kakar mutane. Laifin CAF ne ba na Turawa ba.

Bature_Daura: To a watan shida ina za ka buga? Ka taɓa ganin ruwan Abidjan ko na Duwala da damina? Na Kodebuwa ai watan shida na 2023 aka sa shi tun farko, ruwa ya sa aka maida shi Janairun 2024. Sau ɗaya aka gwada a Masar 2019, can ma zafi aka yi ta kuka da shi. Sannan ka dubi 2025, watan shida da na bakwai wa ya cinye su? Kofin duniya na kulob-kulob mai ƙungiya 32 a Amurka. Shi ya sa aka ture kofin Afirka na Moroko zuwa 21 ga Disamban 2025. Wato hunturu nasu, damina ma tasu. Kuma a 2022 da aka yi kofin duniya a Qatar watan Nuwamba da Disamba ba dakatar da Firimiya aka yi ɗungurungum ba? Ashe in sun ga dama suna iya tsayawa.

MaiShayi_FilinSamji: Wannan magana ta shiga. Shayi ɗaya kyauta Bature in ka shigo Katsina.

Sadiya_YNWA: Kafin wani ya jawo Klopp, kocin Liverpool na lokacin, don na san yana tafe, maganar nan da ya yi a 2021 ta kiran kofin Afirka ƙaramar gasa ya fito ya ce gatse yake yi. Kuma mu ma mun ba da haya a gasar Kamarun, Salah da Mane da Keita duk suka tafi, biyu daga ciki har wasan ƙarshe, Mane ya buga fenaritin da ya ba Senegal kofinta na farko. Ba mu hana kowa ba.

AbbaGunners: Matip fa? 2017?

Sadiya_YNWA: Matip shi ya ce ba ya zuwa, ba Liverpool ta riƙe shi ba. Har ajiye shi muka yi ba ya wasa muna jiran FIFA ta ce wani abu. Kamaru kuma ta je Gabon ba shi ta ɗauko kofinta, to wa gari ya waya?

ƊanLayout_MU: Ni dai wanda ya fi ba ni dariya golanmu ne na lokacin, Onana, a Janairun 2024. Ya ce sai ya raba ƙafa, ran Lahadi ya tsare wa United raga da Tottenham aka tashi 2-2, ya hau jirgi cikin dare zai kama wasan Kamaru da Gini ran Litinin, ya iso a makare ko benci ba a sa shi ba. Ba ga tsuntsu ba ga tarko.

Baban_Ummi: Duk kun bar ɗan wasan kuna ta kulob da ƙasa kamar shi buhun gero ne ake jayayya a kai. Shi ne fa a tsakiya. Ku ɗauki Mikel Obi. Olamfik ta 2016 ba ta cikin kalandar FIFA, ba dole, ya zaɓi ya je. Tawagar ta maƙale a Atlanta ba jirgi, shi da bakinsa ya ce da kuɗin aljihunsa ya riƙa toshe wasu ramukan, suka sauka Manaus saura 'yan sa'o'i a take wasa suka ci Japan 5-4, Etebo ya zura huɗu, ƙarshe suka zo da tagulla, ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta samu a gasar gaba ɗaya. Ya koma Chelsea, koci Conte bai ƙara sa shi ko minti ɗaya ba, Janairu ya tattara ya tafi Chaina bayan shekara goma a kulob ɗin. Mutumin nan kuma a 2018 ana saura sa'o'i wasa da Ajantina aka gaya masa an sace mahaifinsa, ya haɗiye bai gaya wa kowa ba ya shiga fili. To in irin wannan yaro na kallo, gobe aka kira shi ya ce cinyarsa na ciwo, ni ba zan zage shi ba.

Kawu_Rafindadi: Baban Ummi ai hujjata ka kawo. Yau shekara nawa, kana ba da labarin Mikel da tagullar Najeriya. Okwaraji a fili ya faɗi ya rasu da rigar ƙasa a jikinsa a 88, har gobe ana ambatonsa.

Malam_Lissafi: Kawu a gafarce ni, 1989 ne, 12 ga Agusta, wasa da Angola a Legas.

Kawu_Rafindadi: Na gode Malam, tsufa ne. Shekarar ce ta kwance mani, ranar ba ta kwance ba.

Hajjo_Barsa: Tunda an zo Olamfik bari in tuna muku alherin Barsa 😌 2008 kotun wasanni ta ce ba dole mu saki Messi ba, Guardiola ya ce a bar yaro ya je.

Bature_Daura: Alheri ko mugunta? Shi ne ya ba Di Maria ƙwallon da aka ci mu 1-0 a wasan ƙarshe a Beijing! Da kun riƙe abinku da yaran Siasia sun zo da zinare. Ranar nan ni ina bayan kulob ɗari bisa ɗari 😭

Injiniya_Batagarawa: Kawu ya ce ƙasa uwa ce, to uwa ai tana ciyar da ɗanta. Tamu uwar sau nawa 'ya'yan na zaman dirshan a kan alawus? 2013 a Namibiya sun ƙi hawa jirgin zuwa Brazil, 2014 ana tsakiyar kofin duniya sun ƙi fita atisaye kafin wasan Faransa, duk a kan kuɗin da aka yi masu alkawari. Ga na Libiya a Oktoban 2024, aka karkatar da jirginsu zuwa wani filin jirgi can Al Abraq aka bar su sama da awa 12 suna kwance bisa kujeru ba abinci, wannan kam ba laifin namu ba ne kuma CAF ta ba mu maki uku da ƙwallo uku ta ci Libiya tarar dala 50,000, amma ka sa kanka a matsayin kocin da ke Jamus ko Ingila yana kallon hoton ɗan wasansa kwance a filin jirgi kuma ran Asabar yana da wasa. Boniface a sansanin Najeriya ya ji rauni kafin kofin Kodebuwa, har tiyata, Leverkusen ta yi wata uku ba shi. Ba ƙin Afirka ba ne kullum, wani lokacin tsoron dukiyarsu ne.

MaiShayi_FilinSamji: Kuma duk da haka ba a ci Leverkusen ko wasa ɗaya a lig ba shekarar. A riƙa ba mu aron su kawai, albarka ce.

ƊanChanji: Ni tambayata daban. Duk surutun nan a kan 'yan Turai ne. Mu da ke zuwa filin Muhammadu Dikko kallon Katsina United cikin rana, in aka kira yaronmu Super Eagles wallahi har walima sai mun yi, ba mai cewa kar ya je, don kiran nan shi ne tallarshi, shi ne bizarshi. Keshi bai ɗauko kofin 2013 da Sunday Mba ba, ɗan wasan gida, shi ya ci Kodebuwa ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe? In Turawa sun riƙe nasu a zo a ɗauki namu mana. Ahmed Musa ma daga Pillars ya fito.

AbbaGunners: A ɗauki naku a ci mu 4-0 kamar yadda Moroko ta yi mana a wasan ƙarshe na CHAN, gasar 'yan wasan gida, a 2018 ko?

ƊanChanji: Aƙalla sun kai wasan ƙarshe. Kai Sakan naka da kake taƙama da shi wa yake bugawa? Iyayenshi 'yan ina ne?

AbbaGunners: Kar ka taɓa mani Saka malam, a Landan aka haife shi can ya tashi, ko ka taɓa sayo mashi but?

Admin_TaDikko: Jama'a a dawo kan layi. Maganar Saka mun yi ta har sau uku a gidan nan ba ta ƙare ba. Tambayar mai gidan kallo ita ce waye mai ɗan wasa. Kuma ban da zagi, na goge guda biyu.

Koci_SabuwarUnguwa: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, don ni abin nan ba a talabijin na gan shi ba. Ina da ƙungiyar yara a unguwa shekara da shekaru, ba mai ba mu ko kwabo, ƙwallo da raga da ruwan leda duk daga aljihuna da ɗan karo-karon iyaye. Akwai wani yaro lamba tara da na ɗauko tun yana buga ƙwallon tsumma ba takalmi, but ɗinshi na farko gwanjo na sayo mashi, ya yi mashi yawa sai da muka cusa takarda a gaba. Bara waccan aka zo haɗa tawagar wata ƙaramar hukuma, ba zan kama suna ba, za su je gasa. Aka aiko a ba da shi. Muna da wasan kusa da na ƙarshe a satin, zuciyata ba ta so, amma uban yaron da kanshi ya zo har fili ya ce Koci ka bar shi ya je ko Allah zai sa wani ya gan shi. Mi za ni ce? Wasa na biyu aka shiga mashi ta baya ƙashin ƙauri ya tsage. Wallahi a bayan babur aka maido mani shi, an ɗaure ƙafar da jesi, wanda ya kawo shi ya miƙa mani dubu biyu ya ce a sayi man zafi. Ni da uban muka kai shi wurin mai ɗori, da ba ta yi ba muka koma asibiti aka ɗauki hoto aka sa filasta, akuyar uwarshi aka sayar. Waɗanda suka are shi ko waya. Mu kuma aka fitar da mu a wasan. To a ranar da ka tambaye ni da na ce kulob ne mai ɗan wasa, a kashe maganar. Amma ran da na je duba shi na tarar ya rataye rigar tawagar nan a ƙusa saitin katifarshi, an wanke an goge, tamu rigar da ya sa shekara biyar tana cikin kwando da sauran wanki. Ban ce komai ba na gaishe shi na fito.

Sadiya_YNWA: Allah sarki. Koci ya ƙafar tasa yanzu?

Baban_Ummi: Kun ji abin da nake faɗa ɗazu. Mai jin ciwon daban, masu gardama daban. Rodri ya ce wasanni sun yi yawa 'yan wasa sun kusa yajin aiki, ko sati ba a yi ba gwiwarsa ta tsinke, kuma a wasan kulob ne da Arsenal ba na ƙasa ba. Kulob ɗin da ke kukan gajiya su ne ke kwasar yaran zuwa Amurka da Asiya wasan tara kuɗi kafin a fara kaka, an kuma ƙara wasannin Zakarun Turai ba su ce a'a ba.

Injiniya_Batagarawa: Wannan gaskiya ne, amma wancan su suka sa kuɗinsu, in ya karye a gonarsu ya karye. Koci labarinka ma ai gefena ya tsaya, wa ya sayar da akuya?

Kawu_Rafindadi: Wace riga ce a ƙusa?

Koci_SabuwarUnguwa: Hajiya Sadiya da sauƙi alhamdu lillahi, ya dawo tirenin amma gudun bai koma kamar da ba, yanzu lamba shida nake sa shi. An sake aiko wa ana son yara biyu wata mai zuwa, ban ba da amsa ba tukuna.

MaiGidanKallo_ƘofarKaura: Allah ya ƙara mashi lafiya Koci, ka turo shi kallo kyauta duk ran da ya so. Ni dai har yanzu ba a biya ni fetur ɗina ba, Malam Lissafi ko FIFA na da inshorar masu gidan kallo? Kuma masu tambaya ta ta bayan fage, e za ni nuna wasan Najeriya ran Talata, amma ba ragi, kuɗin shiga yadda yake.

ƊanLayout_MU: Haba Oga, wasan ƙasa guda ko rabin kuɗi? Ina kishin?

MaiGidanKallo_ƘofarKaura: Ka je gidan mai ka ce a zuba maka lita biyar na kishi, in sun ba ka kawo mani.

MaiShayi_FilinSamji: Bencina biyu na wurinka tun wasan Madrid, a maido kafin Talata.